Dakta Umar da Lambar Kyanwar Hajja Maimuna

A wannan wata na Rajab shekara shida ke nan da muka kai Dakta Umar makwancinsa a Baƙi'a. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, kowace shekara kuma sai in fasa, domin ba yadda zan ba da labarinsa ban tona nawa ba. Bana na ga shekaru na ja, waɗanda suka san abin da ya faru suna ta raguwa, na ce gara in faɗa da bakina.

Dakta Umar likitan dabbobi ne, haifaffen Madina. Kakanninsa daga ƙasar Katsina suka taso a ƙafa domin aikin hajji, suka zo suka zauna. Ni kuwa daga Zariya na zo, aikina harhaɗa magunguna. Shekara tara muka yi tare a wani asibitin dabbobi a unguwar Anbariyya, shi yana ɗakin duba marasa lafiya, ni ina ɗakin magani, wani lokaci in ɗauki waya idan mai karɓar baƙi ba ya nan. Hausarsa ta ɗakin kakarsa ce, tsohuwar Hausa mai daɗi, sai dai ba ya kai ƙarshen jimla bai tsoma Larabci ba. Ni kaɗai yake yi wa ita a wurin aiki, shi ya sa muka shaƙu.

Duk wanda ya yi aiki da shi ya san halinsa guda: ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba. Idan aka kawo kwalin allura, sai ya buɗe ya duba kwanan wata a jikin kowace kwalba, ko da na riga na duba. Ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta har ƙananan rubutun ƙasa. Da farko abin yana ba ni haushi, daga baya na saba, har nakan tsokane shi in ce ko ruwan zamzam aka miƙo masa sai ya tambayi wanda ya ɗebo.

A shekara ta biyar da zuwana ne mai asibitin ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai zaman kansa, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Kamfanin yana kawo wata 'yar ƙwayar lantarki, girmanta bai fi tsabar shinkafa ba, a nan muna ce mata shariha. Ana sa ta da allura a ƙarƙashin fatar wuyan kyanwa. Ba komai a cikinta sai lamba. Idan kyanwa ta ɓata, duk likitan da ya ɗora mata na'ura zai ga lambar, ya kira kamfanin, su kuma su duba rumbunsu su ga sunan mai ita da wayarsa da unguwarsa. Wato amfanin abin gaba ɗaya ba a wuyan kyanwar yake ba, yana hannun masu riƙe da rumbun.

Ranar da wakilin kamfanin ya zo, mu duka abin ya burge mu, ban da Dakta. Ya bar mutumin ya gama bayaninsa, sannan ya tambaye shi mutum nawa ne a ofishinsu suke iya buɗe rumbun su ga adireshin mutane. Wakilin ya ce ma'aikatansu amintattu ne. Ya tambaye shi me ake buƙata kafin a sauya sunan mai kyanwa. Ya ce lamba da sunan mai ita na farko, shi ke nan, don a sauƙaƙa wa jama'a. Ya tambaye shi ina bayanan za su koma idan kamfanin ya rufe. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Ya Dakta, yau muka fara, kana yi mana fatan rufewa?"

Da ya fita, Dakta ya juyo ya ce mini, "Ka ji dai, ya Bashir? Tambaya uku, ba jawabi ko wahid."

Bai ƙi aikin ba, tunda umarnin mai asibiti ne, kuma shi kansa ya yarda abin yana da amfani. Sai dai duk kyanwar da ya sa wa shariha, sai ya ɗauki hotonta, ya rubuta alamomin jikinta da hannunsa, ya sa a fayil ɗinta na takarda. Muna yi masa dariya a bayan idonsa.

Cikin masu kawo mana dabbobi akwai wata dattijuwa, Hajja Maimuna, mai zama a unguwar Ƙiblatain. Ita ma jikar mahajjata ce. Tana da wata farar kyanwa mai dogon gashi, irin da ake kira shirazi, sunanta Lulu. Asalin kyanwar ta 'yarta ce Asma'u, wadda ta rasu ta bar miji da 'ya'ya mata biyu. Mijin, Khalid, mutum ne mai kawaici, malamin makaranta. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kawo yaran gidan kakarsu su yini. Sauran kwanaki shida kuwa, daga Hajja sai Lulu a gidan.

Wata safiya Hajja ta shigo asibiti ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce ta buɗe ƙofa don mai kawo gas, ta shiga ciki ɗauko tukunyar da ta ƙare, ta fito ba Lulu. Kwana biyu tana nema a unguwa. Dakta ya zaunar da ita, ya sa aka kawo mata shayi, ya ce ta kwantar da hankalinta, ai don irin wannan ranar aka sa sharihar. A gabanta ya kira kamfanin don su yi alamar cewa kyanwar ta ɓata. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin rabin maganar. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya sake karanta lambar a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Kef? Ta yaya? Yaushe?"

Abin da suka gaya masa shi ne lambar ba ta kan sunan Hajja Maimuna. An sauya sunan kwana uku kafin kyanwar ta ɓata, ta wayar tarho, wai bisa buƙatar mai ita. Ya tambayi sunan wanda aka mayar wa. Suka ce ba za su faɗa ba, sirrin abokin hulɗarsu ne. Ya ce to tsohuwar da ke zaune a gabansa ba abokiyar hulɗarsu ba ce? Ina nata sirrin ya tafi ranar da wani ya kira da sunanta? Suka ce ya rubuto ƙorafi.

Daga ranar Dakta ya shiga bincike kamar ɗan sanda. Hujjarsa mai sauƙi ce: wanda ya sauya sunan ya san lambar tun kafin ya taɓa kyanwar. Wurare uku ne kawai lambar take. Tana rumbun kamfani, tana fayil ɗin asibitinmu, tana kan katin da aka ba Hajja, wanda take ajiye a akwatinta tare da takardun marigayiya. Ya zargi ma'aikatan kamfanin. Ya zargi mai kawo gas. Ya tsare mai karɓar baƙinmu da tambayoyi har mutumin ya yi fushi. Ni ne kawai bai tambaya ba.

Ni kuwa tun a bakin ƙofar nan na tuna da wani kira. Kamar mako guda kafin haka, ana tsakar aiki da rana, waya ta yi ƙara na ɗauka. Wani mutum mai ladabi ya ce daga kamfanin yake, suna gyaran rumbu, wasu lambobin asibitinmu sun cakuɗe. Ya faɗi lambar rajistar asibitinmu a wurinsu daidai, ya ambaci sunan wakilin da ya saba zuwa. Ya ce in taimaka in karanta masa lambobin kyanwoyin shirazi da sunayen masu su. Na buɗe kwamfuta na karanta masa guda huɗu. Ya yi mini addu'a ya ajiye. Ban ma ga abin ya kai in gaya wa kowa ba.

Na yi shiru. Wannan shi ne abin da ya hana ni rubutu shekara shida. Na gaya wa kaina cewa ba tabbas wannan kiran ne, wataƙila da gaske gyara suke yi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Baƙo ne ni, zamana a ƙasar yana rataye da aikin nan, ina da iyali. Kuma ina jin kunyar idon mutumin da kowa ya zarga ya tsallake ni.

Ana cikin haka Dakta ya tambayi Hajja ko akwai wanda ya taɓa ganin katin. Ta yi tunani ta ce Khalid, ranar da suke neman wata takarda a akwatin. Ta ƙara da cewa bayan rasuwar Asma'u ya so ya tafi da Lulu gidansa saboda yara, ita ta hana. Dakta ya gyaɗa kai ya ce, "To, ya Hajja, a fara da tambayarsa." Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Amma magana ce daga bakin likita, tsohuwa kuma ba ta barci don baƙin ciki. Juma'ar da ta biyo baya ta tare surukinta a gaban 'ya'yansa, ta ce ya fito mata da kyanwar 'yarta. An ce tashi kawai ya yi. Ya sa wa yaran takalmansu suka tafi.

Bayan kamar mako biyu Hajja ta dawo asibiti. Ba ta tambayi Lulu ba. Ta zauna a kujerar jira ta ce wa Dakta, "Ya waladi, ɗana, Juma'a biyu ke nan ban ga jikokina ba. Na dafa shinkafa na zubar." Ta faɗa ne ba kuka, ba ɗaga murya. Ina ɗakin magani ina ji ta taga. Da ta tafi na bi Dakta ofishinsa na rufe ƙofa na gaya masa komai.

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya tambaye ni ranar, da lokacin, da ainihin kalmomin mutumin, ya rubuta. Sannan ya ce, "Kwana goma sha shida kana kallona ina jifan mutane." Na ce haka ne. Ya ce, "Karanta lambar kuskure ne, kowa zai iya. Shirun ne ban san inda zan ajiye shi ba." Ya ɗauki makullin motarsa ya ce in taso.

Gidan Khalid muka fara zuwa, muka ɗauke shi, sannan muka wuce Ƙiblatain. A ɗakin Hajja, Dakta ya sa na maimaita abin da na gaya masa, daga farko har ƙarshe, da Hausa don Hajja ta ji da kyau, shi kuma yana juya wa Khalid zuwa Larabci wuraren da suka shige masa duhu. Da na gama, ya ce laifin bai tsaya a kaina ba, shi ne ya jefa sunan Khalid ba hujja. Hajja ta rufe fuskarta da mayafi ta fashe da kuka. Khalid ya tashi ya sumbaci kanta ya ce, "Khalas, ya Hajja, ya wuce." Ya dawo da kawo yaran. Amma Hajja ta gaya mini daga baya cewa yanzu a ƙofa yake sauke su, ya gaishe ta a tsaye, ya dawo da magariba ya ɗauke su. Bai ƙara zama ya ci abinci a gidan ba.

Da muka koma asibiti muka kira masu sauran kyanwoyi ukun da na karanta lambobinsu. Biyu ba abin da ya same su. Ta ukun tana kwance a kan cinyar mai ita lokacin da muka kira, amma da Dakta ya matsa wa kamfanin suka duba, ita ma an riga an sauya mata suna. Wato ana jiran ranarta ne kawai. Har yau ina tambayar kaina yadda mai kiran ya san lambar rajistarmu da sunan wakili. Idan daga cikin kamfanin yake, me ya sa ya buƙaci ni? Ko don idan asiri ya tonu a ce daga asibiti aka samu? Dakta ya yi imani da haka. Ni ban sani ba. Ba a taɓa gano mutumin ba.

Lulu kuwa, Dakta bai jira kamfani ba. Ya bi likitocin dabbobin da ya sani ɗaya bayan ɗaya, na Madina da na garuruwan kusa, ya ba su lambar. Bayan fiye da wata guda wani likita a Yanbu ya kira. Wani injiniya mai aiki a matatar mai ya kawo farar shirazi rigakafi, lambar ta yi daidai. Muka tashi da sassafe ranar hutu muka tafi.

Injiniyan ya karɓe mu a tsaye. Ya sayi kyanwar ne ta wani talla a intanet, don 'yarsa, kuma ga takardar kamfani da sunansa a jiki, da hatimi. Ya ce, "Ni da takarda, ku da labari. Ta yaya zan san ba ku ne 'yan damfarar ba?" Na ga Dakta ya yi ɗan murmushi, karon farko cikin makonni. Ya ce tambaya ce mai kyau. Kafin a fito da kyanwar ya gaya masa cewa haƙorinta na ƙasa na hagu a karye yake, kuma a ƙafarta ta baya akwai ɗan ƙarfen da shi ya sa da hannunsa lokacin da ta faɗo daga bene. Ya miƙa fayil ɗinsa na takarda, wanda muke yi wa dariya. Likitan Yanbu ya ɗauki hoton ƙashin ƙafar, ga ƙarfe nan. Injiniyan ya ce a ba shi lokaci. Mako na gaba ya zo Madina da matarsa, suka zauna da Hajja na kusan awa guda, suka bar mata kyanwar. Allah ya saka masa, don a takarda shi ne mai ita.

A takarda kuma shi ya ci gaba da zama mai ita. Kamfanin da ya sauya suna da kiran waya ɗaya, da aka zo mayarwa sai ya ce sai an kawo shaidar mai sayarwa na tsakiya, wato ɓarawon. Dakta ya yi ta rubuta wasiƙu, zuwa gare su da zuwa hukumomin da ya ga abin ya shafa. Ba diyya yake nema ba. So yake a wajabta wa duk mai riƙe irin wannan rumbu ya tuntuɓi wanda sunansa ke kai kafin ya sauya shi, ya kuma ajiye shaidar duk ma'aikacin da ya buɗe bayanin wani da dalilinsa. Yana cewa mutumin da ya karɓi adireshin tsohuwa mai zama ita kaɗai ya karɓi amana, bai kamata a bar shi da alkawarin baki ba. Ana cikin wannan wasiƙu sai wata rana layin kamfanin ya daina shiga, shafinsu ya ɓace. Ba wanda ya aiko mana da sanarwa. Ɗaruruwan kyanwoyin da muka sa wa shariha suka koma yawo da lambar da ba ta kai ka ko'ina, kuma ba mu san hannun wa adireshin masu su suka faɗa ba.

Yau abubuwa sun sauya, ko dai haka ake gaya mana. Komai ya koma cikin waya. Ana ta maganar kare bayanan jama'a, kuma na karanta cewa a wasu ƙasashe doka ta ɗora wa masu riƙe rumbun sharihar dabbobi kusan duk abin da Dakta yake nema, har da tanadin inda bayanai za su koma idan kamfani ya durƙushe. Nakan tambayi kaina me zai ce da yana raye. Na san zai ji daɗi, amma na san ba zai nuna ba. Zai ce a nuna masa kamfani ɗaya da aka taɓa shiga ofishinsa ba sanarwa aka duba ko yana bin dokar. Zai ce doka tana hana mai tsoron doka, shi kuwa mai kiran waya da ladabi bai taɓa karanta ta ba. Ni ma abin da nake gani ke nan. Wakilan yanzu sun fi na da iya amsa tambaya, amsoshin a haddace suke, kuma wannan santsin bakin shi ya fi sa ni ɗari-ɗari.

Sai dai ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Halin nan nasa da ya dawo wa Hajja da kyanwarta, shi ne ya raba ta da zaman cin abinci da surukinta har ta koma ga Allah. Kuma mutum ɗaya da ya tsallake a zarginsa, shi ne mai laifin. Ya san duka biyun. Bayan abin ya faru bai daina bincike ba, amma ya daina ambaton sunan mutum. Idan aka tambaye shi wa yake zargi sai ya ce, "Ina zargin tsarin, mutanen kuwa Allah ya san su." Ni kuma bai taɓa kai ni gaban mai asibiti ba, bai kuma ƙara tayar da maganar ba, amma ya ɗauki kusan shekara kafin ya koma yi mini Hausa.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, bai yi doguwar jinya ba. Ranar jana'iza, da muka fito daga Baƙi'a, na ji an dafa kafaɗata. Khalid ne, ya yi furfura. Ban san ya zo ba, ashe yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Muka jera muna tafiya zuwa inda ya ajiye mota. Da muka isa ya tsaya da makulli a hannu ya ce mini Dakta sau huɗu yana zuwa gidansa neman gafara, na ƙarshen watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Ban taɓa sanin haka ba.

"Tun zuwan farko na ce masa na yafe, wallahi har zuciyata," in ji Khalid. "Sai ya dube ni ya ce, to me ya sa har yanzu kake tsayawa a ƙofar Hajja?"

Na tambaye shi amsar da ya ba shi. Ya ce bai ba shi ba, don Dakta ne yake da gaskiya.

Abin da ya rage mini na Dakta Umar ke nan. Mutum ne da bai yarda da maganar baki ba, ko da maganar ta wanke shi ce. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Hajja Maimuna, ya yafe mini kwana goma sha shidan nan.